Farautar Dangin Alkama a Daji

 

Duk inda mai sauraronmu yake zaune, ko a zangon Kumasi ne, ko Garwa, ko Wad Madani, ko Jidda, ko birnin Landan, da wuya rana ta fito ta faɗi bai sa wani abin da aka yi da alkama a bakinsa ba, ko burodi, ko taliya, ko gurasa. To, ita alkamar nan tana da 'yan'uwa a daji, waɗanda ba wanda ya shuka su, ba kuma wanda ke girbinsu. A jawabinmu na yau za mu duba aikin waɗansu masana da ke bin duwatsu da filayen kiwo suna tattara waɗannan ciyayi, su busar da su, su manna a takarda, sa'an nan su ɗiga alama a taswira daidai wurin da suka same su. Za mu ga kuma dalilin da ya sa 'yar takardar bayani da ake liƙawa a gefen busasshiyar ciyawa take da daraja kamar ita kanta ciyawar.

Da farko dai, mece ce ciyawar alkama? Suna ne da ya ƙunshi ciyayi iri-iri masu siririyar zangarniya, wadda 'ya'yanta ke jere dama da hagu a jikin kara kamar na alkama, kuma daga wannan kama ne sunan ya samo asali. Masana ilmin tsire-tsire sun sa su a zuriya ɗaya da alkama da sha'ir. Babban bambancinsu da alkama shi ne, ita alkama da zarar ta nuna an girbe ta, shi ke nan ta mutu, sai an sake shuka. Su kuwa waɗannan ciyayi halin gamba gare su, su bushe idan lokacinsu ya wuce, su sake tohowa daga gindi shekara da shekaru. Ba tsiron ƙasashe masu zafi ba ne. Mazauninsu shi ne filayen kudancin Rasha da Kazakistan da Mongoliya da arewacin Sin, da tsaunukan Turkiyya da Iran, da kuma yammacin Amurka da Kanada, watau wuraren da hunturu ke da tsanani, ruwan sama kuma bai da yawa.

Wurin da ake kai su bayan an tattara, shi ne ma'ajiyar busassun tsire-tsire. Mai sauraro ya ɗauka kamar ɗakin karatu ne, sai dai a maimakon littattafai, abin da ke jere cikin kabad shi ne manyan takardu, kowace ɗauke da tsiro guda busasshe. Ana jingina wannan dabara ga wani malamin likitanci na ƙasar Italiya mai suna Luca Ghini, wanda ya koya wa ɗalibansa matse tsiro a tsakanin takardu wajen shekarar 1540. A yau akwai irin waɗannan ma'ajiyoyi fiye da 3,000 a duniya, samfuran da ke cikinsu kuwa sun doshi miliyan 400. Ta lambun Kew da ke Landan ita kaɗai tana da wajen miliyan 7.

Aikin tattarawa yana da ƙa'idoji, kuma na ciyawa ya fi na sauran tsire-tsire wuya, domin ciyawa ba ta da furen da zai ja ido, kuma da yawa daga cikinsu kamarsu ɗaya ga wanda bai ƙware ba. Mai tattarawa yakan fita ne lokacin da ciyawar ta fid da kai, gama a jikin zangarniya ake samun yawancin alamomin da ke rarrabe iri da iri, kamar tsawon ƙaiƙayin da ya rufe ƙwaya, da ko yana da tsinke a bakinsa, da ko tsinken a miƙe yake ko ya lanƙwashe. Ba ya tsinko kai kawai ya tafi. Tilas ya sa dagi ya tono ta har saiwa, saboda waɗansu suna tsayawa cunkus a gindi ɗaya kamar gamba, waɗansu kuwa saiwarsu na rarrafe a ƙarƙashin ƙasa kamar ƙiri-ƙiri, wanda kuwa ya bar saiwar a daji ya bar rabin shaidarsa ke nan.

Idan ya kakkaɓe ƙasar, sai ya lanƙwasa karan sau ɗaya ko sau biyu yadda zai shiga cikin tsohuwar jarida. Ya sa takarda mai tsotse ruwa sama da ƙasa, ya bi da kwali, ya yi ta jerawa haka, sa'an nan ya ɗaure duka tamau tsakanin katako biyu. Ana so samfurin ya bushe cikin 'yan kwanaki, ko da iska mai ɗumi ko ta sauya takardun a kai a kai, in ba haka ba fumfuna ta cinye shi. Da ya isa ma'ajiya, sai a sa shi cikin na'urar sanyi mai tsanani na kwanaki don a kashe ƙwari da ƙwayayensu. A zamanin da, guba ake shafawa, har ma'aikata kan cutu da ita. Daga nan sai a manna shi a kan takarda mai kauri, wadda a Amurka faɗinta inci 11 da rabi ne, tsawonta inci 16 da rabi. Samfurin da aka yi wa haka, aka kiyaye shi daga laima da ƙwari, yakan yi ɗaruruwan shekaru.

Ƙwararren mai tattarawa ba ya ɗaukar guda ɗaya. Yakan ɗebi uku ko huɗu daga wuri ɗaya, ya ba su lamba ɗaya, a rarraba wa ma'ajiyoyi dabam-dabam. Hikimar wannan ta bayyana a watan Maris na 1943, sa'ad da bama-baman yaƙin duniya na biyu suka faɗa kan babbar ma'ajiyar birnin Berlin, mafi yawan samfuranta, waɗanda suka kai wajen miliyan 4, suka ƙone a dare ɗaya. Abin da ya rage wa masana daga aikin mutane da yawa shi ne takwarorin samfuran da aka riga aka aika waɗansu ƙasashe.

Yanzu sai mu zo kan 'yar takardar bayani. Tun a daji, kafin ya ɗaga daga wurin, mai tattarawa yakan rubuta cikin littafinsa sunansa, da lambar samfurin, da kwanan wata, da sunan wurin, da nisansa daga gari mafi kusa, da tsayinsa daga bakin teku. Yakan ƙara da irin ƙasar, ko yashi ce, ko laka, ko mai gishiri, da ko gangaren yana fuskantar arewa ko kudu, da tsire-tsiren da ke maƙwabtaka da ciyawar, da ko dabbobi suna kiwo a wurin. A yau yana riƙe da na'urar da ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam, ta nuna masa inda yake tsaye ba tare da kuskuren da ya wuce 'yan mitoci ba. Wannan bayani shi ake juyawa a liƙa a kusurwar takardar. Samfurin da ba shi da wuri da kwanan wata, daidai yake da mai shaidar da ya zo gaban alƙali, ya kasa faɗin inda abin ya faru da ranar da ya faru.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi. A shekarar 1804 shugaban Amurka Thomas Jefferson ya tura ayari ƙarƙashin hafsoshi biyu, Meriwether Lewis da William Clark, su ratsa ƙasar har bakin tekun Pasifik. Lewis ya yi ta tattara tsire-tsire a hanya. Wani kaso da ya binne a rami kusa da kogin Missouri don ya ɗauka in ya dawo, sai ya tarar ambaliya ta shiga ta ruɓar da shi. Amma a watan Yuni na 1806, a yankin da yau yake cikin jihar Idaho, ya ɗauki wata ciyawa mai shuɗi-shuɗin ganye da ke tsayawa a gindi ɗaya, ita kuwa ta isa gida lafiya. Wani Bajamushe masanin tsire-tsire, Frederick Pursh, ya bayyana ta cikin littafinsa da ya fito a Landan a 1814. Samfuran wannan tafiya fiye da 200 suna nan ajiye a birnin Philadelphia. Da yawa daga takardunsu sunan kogi ko na fili kawai suka ambata, amma da yake akwai kwanan wata, masu bincike na baya sun gwada shi da littafin tafiyar ayarin, suka gano inda aka yada zango a kowace rana, suka iya sa ɗigo a taswira.

Wannan shuɗiyar ciyawa, wadda ita ce ginshiƙin kiwo a busassun filayen arewa maso yammacin Amurka, har jihohin Montana da Washington suka ɗauke ta ciyawar jiha, an sauya mata suna har sau biyu. Dalili kuwa shi ne ilmi ya ƙaru. A cikin kowace ƙwayar halitta ta tsiro akwai waɗansu ƙananan zarurruka masu ɗauke da halayen gado, waɗanda masana ke kira kuromosom. A zuriyar alkama bakwai-bakwai suke tafiya: alkamar burodi tana da 42, shuɗiyar ciyawar nan 14 ko 28, wata doguwar ciyawar alkama kuwa har 70. Wani masani a garin Logan na jihar Utah, Douglas Dewey, ya shafe shekaru yana tattaro waɗannan ciyayi, har da tafiyar da ya yi Iran a 1972, yana shuka su, yana barbarar wannan da waccan don ya ga wa ke da dangantaka da wa. A 1984, shi da wani masani ɗan ƙasar Iceland, Áskell Löve, kowannensu ya fito da sabon tsari na rarraba zuriyar bisa ga abin da zarurrukan gado suka nuna. Babban gidan da a da ake kira Agropyron, inda aka cusa kusan dukkan ciyayin alkama, sai aka raba shi gida-gida. Duk lokacin da aka yi irin wannan sauyi, ma'ajiya ake komawa a fito da tsoffin takardu a sake dubawa, a liƙa sabon suna kusa da tsohon. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wani abin da ya faru da wannan ciyawa ya isa ya nuna amfanin ajiye samfur. A shekarar 1980 aka fitar wa manoma da makiyaya wani iri mai suna Secar, wanda asalinsa daga kusa da garin Lewiston na jihar Idaho aka samo shi, aka yi ta sayar da shi ana shukawa da sunan shuɗiyar ciyawar alkama ce, domin ido bai ga bambanci ba. Daga baya bincike ya nuna cewa wata ciyawa ce dabam, wadda rabin gadonta daga dangin sha'ir na daji ya fito. A 1997 masana biyu, Jack Carlson da Mary Barkworth, suka raɗa mata suna nata na kanta. Da aka koma kan samfuran da ke ajiye aka tace su, sai taswira ta nuna cewa ita wannan mazauninta ɗan tsukakke ne, yawanci kwazazzaban kogin Snake da rassansa, alhali ita ainihin shuɗiyar ciyawar ta bazu daga Kanada har can kudu.

Ita Mary Barkworth, wadda ta daɗe tana shugabantar ma'ajiyar jami'ar jihar Utah, ita ce ta jagoranci aikin manyan kundaye biyu na ciyayin Amurka ta Arewa da suka fito a 2003 da 2007, inda aka ba kusan kowace ciyawa taswirarta. Yadda ake zana irin wannan taswira kuwa shi ne, a tara bayanin takardun samfura daga ma'ajiyoyi da yawa, a tabbatar da sunan kowanne, sa'an nan a sa ɗigo a wurin da aka ɗauke shi. Idan tsohuwar takarda ta ce mil biyar arewa da wani gari, sai a sa ɗigon, a kewaye shi da da'ira mai nuna iyakar shakkar da ake da ita. A yau miliyoyin irin waɗannan bayanai suna kan intanet, ta hanyar wata cibiya ta ƙasashen duniya mai suna GBIF da aka kafa a 2001, mai hedkwata a Copenhagen, kuma kowa na iya dubawa kyauta.

Sai dai karanta taswirar yana bukatar hankali. Masu tattarawa mutane ne, sun fi bin hanyar mota da ta jirgin ƙasa, sun fi zagaya kusa da jami'o'insu. Saboda haka ɗige-ɗige kan taru a bakin hanya, tsakiyar daji kuwa ya zauna fari fat. Farin wuri a taswira yana iya nufin babu ciyawar a can, yana kuma iya nufin ba wanda ya taɓa zuwa ya duba. Wannan ne ya sa mai shirin fita tattarawa yakan fara da duban inda taswira ta yi giɓi, ya nufi can.

Da yake kowane ɗigo yana da shekararsa, taswira tana iya ba da tarihi. Wajen 1890 aka fara tsintar wata baƙuwar ciyawa a yammacin Amurka da Kanada, wadda masana ke kira Bromus tectorum, ta shigo daga Turai da Asiya a cakuɗe da irin hatsi. Ba wanda ya kula da ita. A 1981 wani masani na jami'ar jihar Washington, Richard Mack, ya jera tsoffin samfuranta da sauran bayanan tarihi shekara bi shekara, sai ga hanyar da ta bi ta fito fili: ta bi layin dogo da gonakin alkama da wuraren da shanu da tumaki suka cinye ƙarƙaf, kafin 1930 ta mamaye yankin. Tana riga ciyayin ƙasar tsirowa ta shanye laima, ta bushe da wuri ta zama makamashi, gobarar daji ta yi ta tashi a kai a kai, shuɗiyar ciyawar alkama kuwa ta yi ta ja da baya. Ɗan hakin da ka raina, shi kan tsone maka ido.

Gyaran irin wannan ɓarna yana bukatar iri mai rai, kuma a nan ma wurin da aka samo irin shi ne kan gaba. A 1898 wani malamin aikin gona daga jihar Dakota ta Kudu, Niels Hansen, ya kawo wa Amurka irin wata ciyawar alkama mai zanko daga yankin kogin Volga na Rasha. A shekarar ce kuma ma'aikatar gona ta Amurka ta buɗe rajistar da ke ba kowane irin da aka shigo da shi lamba tare da bayanin asalinsa, lamba ta 1 kuwa kabeji ne daga Rasha. Da fari da guguwar ƙura suka lalata gonaki a shekarun 1930, wannan ciyawa ta Rasha ce aka shuka a miliyoyin eka ta riƙe ƙasa, ta ciyar da dabbobi. Amma daga baya an lura cewa inda ta kafu takan hana tsire-tsiren ƙasar dawowa, saboda haka hankali ya koma kan irin gida. Shi ma irin gida ba ko'ina yake kamawa ba, domin wanda aka ɗebo daga kan tsauni mai sanyi yana iya mutuwa a kwari mai zafi. Wani bincike da aka buga a 2013 ya tattara shuɗiyar ciyawar daga wurare fiye da 100, ya shuka su gefe da gefe, ya raba yankin shiyya-shiyya don a san inda kowane iri zai yi. Shirin tattara irin daji da hukumar kula da filayen gwamnatin Amurka ta fara a 2001 tare da lambun Kew ya shimfiɗa ƙa'ida cewa a ɗebi iri daga tsiro 50 ko fiye, kada a wuce kashi 20 cikin 100 na abin da ya nuna a ranar, kuma kowane ɗiba ya zo da busasshen samfur da zai zama shaidarsa.

To, ina ruwan mai cin burodi da duk wannan? Babbar abokiyar gabar alkama ita ce cutar tsatsa, wata irin fumfuna da ke fesowa ja-ja a jikin kara da ganye, iska kuma ta kwashi ƙurarta ta ƙetare ƙasashe. Ciyayin alkama na daji sun daɗe suna fama da irin waɗannan cututtuka, waɗansunsu sun gaji juriya mai ƙarfi, kuma saboda kusancin zuriya ana iya barbararsu da alkama a ɗauko wannan juriya, ko da yake aikin yakan ci shekaru. A ƙasar Sin, Li Zhensheng ya fara irin wannan aiki a 1956 da doguwar ciyawar nan mai zarurruka 70, sai a 1981 aka amince da irin alkamarsa mai suna Xiaoyan 6, wanda aka noma a fili mai yawan gaske. A Kanada, Douglas Knott ya ɗauko wata ƙwayar gado daga wannan ciyawa, wadda ake kira Sr26, manoman Ostareliya kuwa suka fara amfana da ita tun 1971.

A 1998 aka ga wani sabon nau'in tsatsar kara a Uganda, wanda aka sa wa suna Ug99, ya karya garkuwar mafi yawan alkamar da ake nomawa a lokacin. Ya shiga Kenya da Habasha, a 2006 aka same shi a Sudan da Yaman, a 2007 ya isa Iran. Masu sauraronmu na Sudan, inda ake noman alkama a Jazira da arewacin ƙasar, sun san abin da asarar amfanin gona ɗaya ke jawowa ga farashin gurasa. Da aka yi ta gwada iri a gonakin gwaji na Kenya, Sr26 tana cikin ƙwayoyin gadon da suka tsaya wa cutar. Wata 'yar'uwarta mai suna Sr24, wadda ita ma daga ciyawar alkama aka samo ta, ta tsaya da farko, amma a 2006 wani reshe na cutar ya rinjaye ta. Ma'anar wannan ita ce, ba a gama neman garkuwa, kullum sai an koma daji an nemo sabuwa, kuma ba mai iya komawa sai in wani ya rubuta inda ya ga ciyawar.

Har wa yau akwai masu ƙoƙarin mai da ita kanta ciyawar ta zama hatsi. Tun 1983 wata cibiya a jihar Pennsylvania ta fara gwada ciyayi masu daɗewa, ta zaɓi matsakaiciyar ciyawar alkama, wadda asalinta daga Turai da yammacin Asiya take. Daga 2003 wata cibiya a jihar Kansas ta ci gaba da zaɓen iri, har aka kai ga hatsin da ake sayarwa da sunan Kernza, wanda saiwarsa kan nutsa ƙasa wajen mita 3, kuma ana girbinsa shekaru a jere ba tare da sabuwar shuka ba. Yawan amfaninsa bai kai na alkama ba tukuna, amma an fara yin burodi da shi.

Masu sauraro, mutumin da ya durƙusa a gefen dutse a Iran ko a Idaho yana tonon ciyawa, ba ya sanin ko wace ce cikin samfuransa za ta yi amfani, ko kuma a zamanin wa. Abin da ke hannunsa shi ne ya tono ta da saiwarta, ya busar da ita da kyau, ya rubuta gaskiyar wurin da ranar. Lewis ya yi haka a 1806, kuma ga shi bayan shekara fiye da 200 ana buɗe kabad ana karanta abin da ya bari.